Kunci a Jikin Bindiga: Zuwana Kwas Ɗin Harbi a Jidda

Wakilci ne ya kai ni Jidda. Sana'ata sayar da kayan masu gadi a Funtuwa, takalma da tocila da makamantansu. Alhaji Bashir, wani Bahaushen Sudan mai babban sito a Jidda, yana neman wanda zai riƙe masa kasuwar Arewa ta tabaran kare ido, da matoshin kunne, da akwatin ajiye bindiga. Sharaɗinsa ɗaya: sai wanda ya haye matakai uku na kwas ɗin harbi, domin wakilinsa na baya tabaran rana ya riƙa sayar wa mutane da sunan na kariya. Na rufe shago mako biyu, na biya kuɗin jirgi da na kwas. Ban ji ɗar ba. Babana maharbi ne, a cikin warin albarushi na tashi.

Funtuwa zuwa Jidda

Muna idar da sallar asuba muka ɗauki hanyar Zariya. A shingen farko ɗan sanda ya leƙo ya ce, "Alhaji, Umara za a?" Na ce masa makaranta zan koma. Ya dubi furfurata, ya yi dariya ya ɗaga mana hannu. Da hantsi muna filin jirgin Kano, bayan magariba muka sauka Jidda. Tasi ta kai ni wani masauki a unguwar Balad, tsohon gini mai tagogin katako, fanka na juya iska mai ɗanɗanon gishiri. Na ci ful, waken Larabawa, da burodin tamis na riyal bakwai, na kwanta.

Unguwar Masana'antu

Washegari na sami Alhaji Bashir a sitonsa, yana tsaye a kan masu sauke kwantena. Ya ba ni shayi mai madara, ya dube ni sama da ƙasa.

"Ka taɓa harbi, ya Haj?"

"Tun ina ɗan shekara goma sha biyu."

"To, kai ne za ka fi shan wuya," in ji shi. Na ɗauka zolaya ce.

Mataki na farko

Filin harbin yana bayan gari, inda gidaje suka ƙare duwatsu suka fara. Ban taɓa ganin wuri mai bindigogi haka ba kuma babu mai ɗaga murya. Malaminmu Kaftin Usama, baƙi ne dogo, jikan alhazan Katsina da suka zo a ƙasa ba su koma ba. Yana jin Hausa sarai, amma in zai yi ta sai ya haɗa da Larabci.

Kwana biyu ba mu harba ko ɗaya ba. Yadda za ka ɗauka, yadda za ka ajiye, inda baki zai kalla, da yatsa nesa da kunama. Wani saurayi ya juya zai yi magana da abokinsa, bakin bindigar ya bi shi, alhali babu harsashi a ciki. Kaftin ya karɓe ta cikin ladabi ya ce, "Halas, sai gobe." Babu roƙo, babu ɗan wane ne. Na tuna yadda ake rataya bindiga a gida ana ciniki da ita a kafaɗa.

Rana ta uku aka ba mu ƙaramar bindiga. Na ɗaga, na auna, na ja. Takardar da nake hari ko ƙwarzane babu.

"Ya ammi," in ji Kaftin, wato baffa, "fuska ina zuwa?"

Ashe ina jan kunama nake kawar da kai. Haka duk maharban garinmu suke yi. Bindigar toka ba a yarda da ita, takan yi tartsatsi ta baya, wani lokaci ta fashe. Babana da ido ɗaya ya rasu. Abin da ya fara koya mini ke nan: ka auna, ka nisanta ta da fuskarka, sannan ka ja. Na yi wa Kaftin bayani. Ya ce, "Allah yarhamu. Babanka sahh, daidai ya yi, bindigarsa haka take so. Wannan kuma kunci take so." Ya dafa ƙeyata ya manna kuncina da katakon bindigar. Wallahi gumi ya jiƙa mini riga kafin na ja. Rami ya fito a tsakiyar takarda.

Mataki na biyu

Nan aka shiga babbar bindiga mai cin nisa. A tsaye, a durƙushe, a kwance, sannan ka tashi daga bayan wannan shinge ka koma wancan. Kaftin ya fara gwada mana. Ban ga gaggawa a jikinsa ba, kamar mai shara a tsakar gida, amma farantan ƙarfe biyar suka yi ƙara a jere kafin in gama salati. A layin da ke kusa da mu wata mata ce da abaya, ta kai sa'ar uwargidana, tana zuba harsashi a rami guda daga nisan da ni allon ma da kyar nake gani. Na tsaya kallo har aka kira sunana sau biyu.

Gwiwoyina sun ji jiki, amma na haye. Abin da ake hari a tsaye yake, saboda haka ina da lokacin da zan ce wa kaina: Sani, kunci. Da yamma na shiga unguwar Ammariyya na ci shinkafar kabsa da rabin kaza, na kira gida na ce a fara gyara shago.

Mataki na uku

Bindiga mai baki biyu, wadda suke kira shozan. Inji ne ke cilla faifan yumɓu sama, ka fasa shi kafin ya faɗi. Ranar gwaji za a cilla ashirin, ana son goma sha biyu. Alhaji Bashir ya zo da kansa ya zauna a inuwa.

"Yalla, ammi!" in ji Kaftin.

Faifai ya tashi kamar kurciyar da aka kora daga gona, kuma abin da ya kashe ni ke nan. Babu lokacin yi wa kai magana. Idona na ganin abu ya tashi, wuyana ya koma Funtuwa. Na fasa na farko da na uku, sai na shiga kuskure a jere. In na tuna na manna kunci, faifai ya zama gari a sama. In na manta, bindigar ta daki muƙamuƙina, faifai ya sauka lafiya. Tara na samu.

Kaftin ya ce wata guda zai ishe ni. Ni kwana biyu suka rage mini. Na dubi Alhaji Bashir, na ce ai dai ya ga matakai biyu sun samu.

"Uku na ce, ya Haj. In na sassauta maka, gobe kai ma ka sassauta wa yaron shagonka."

Ban ja da shi ba. Da ni ne a kujerarsa, abin da zan faɗa ke nan.

Komawa

Na yi Umara, na koma sito na sayi katan huɗu na kayan kariya da kuɗina, a farashin kowa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, na ware tabarau guda shida na mayar, domin yanzu na san wanda zai tare ɓaraguzai da wanda ado ne kawai. Alhaji ya canza mini.

Na iso Funtuwa da la'asar. Alhamdu lillahi, ina godiya ga Kaftin Usama da Alhaji Bashir, da direban da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ga lissafi: wakilci ya tafi hannun wani ɗan Kaduna, cinikin mako biyu ya tafi, kuɗin kwas ya tafi. Na dawo da katan huɗu, da takardar shaida biyu, da kumburi a muƙamuƙi. Uwargida ta taɓa wurin ta ce wa ya mare ni a ƙasa mai tsarki. Na ce mata ni na biya aka yi mini, kuma bai yi tsada ba.