Hatimin Kawu Tsuneo

Na fara jin sunan Kawu Tsuneo ina 'yar shekara shida, a tashar jirgin ruwa ta Fukuoka. Allon da ke nuna lokacin tashi ya ɗauke, kakata ta ɗaga kai ta ce, “Aikin Tsuneo ke nan.” Sai daga baya na san ƙanen mahaifiyata ne, kuma shi yake rubuta manhajar da allon ke aiki da ita.

Shekara ashirin da bakwai ya yi a wani ƙaramin kamfani. Al'adar wurin ita ce ba a sakin manhaja sai babban ma'aikaci ya karanta ta layi-layi, ya buga jan hatiminsa a takarda. Kawu bai taɓa buga nasa a kan abin da bai karanta ba. Ko takardar ɗaurin aurensa, in ji matarsa, sai da ya bi ta sau biyu tana tsaye.

Da aka kawo ƙirƙirarriyar basira, aka daina rubutu da hannu. Matasan ofis su faɗa wa na'ura abin da suke so, kafin shayi ya huce ta zubo layi dubu huɗu. Kawu kuwa ɗari uku yake karantawa a wuni. Takardu suka taru har suka rufe tagarsa. Matasan suka riƙa tambayarsa ko su kawo masa matashin kai.

Shugabansa, wanda Kawu ne ya koya masa aiki, ya rusuna ya ce, “Ranka ya daɗe, na'ura ta rubuta, wata na'urar ta duba. Bugawa kawai za ka yi.” Kawu ya ce to su sassaƙa wa na'urar hatimi. Aka ba shi wata ɗaya: ya cim ma takardun ko ya bar kujerar.

Bai cim musu ba. Yanzu yana ɗakin amsa waya, yana bai wa fasinjoji haƙuri, kuma an ce ya iya.

A cikin wata ɗayan da aka ba shi ne idonsa ya fara ruwa saboda yawan karatu. Wata Asabar ya zo gidanmu da jaka biyu, ya ci taliyarsa, sannan ya turo mini tulin takardun ofis.

“Michiru, karanto mini da ƙarfi. Ko ba ki gane ba, kada ki tsallake ko waƙafi.”