Wakilin da Muka Bar wa Shanu

Kullum in Malam Arzika ya dawo daga sallar asuba, yakan shimfiɗa buzu a ƙofar gida, ya kunna rediyo, ya sha kokonsa. Ƙarfe bakwai zai ɗaure littattafai a bayan keke ya nufi firamaren garinmu, wadda ke kan hanyar Kiyawa zuwa Jahun. Baƙo ba zai taɓa cewa wannan dattijo mai gilashi ɗaure da zare ya zauna a Majalisar Wakilai ta Tarayya ba. Mu ma 'yan garin kamar mun manta.

Ƙarshen watan nan ya ajiye alli. Idonsa ya raunana, 'yarsa Safiyatu ta ce ya koma wurinta a Taura. Ba a yi masa walima ba, kuma har yau garinmu bai nemi gafararsa ba. Shi ya sa na ɗauki biro, ko da yake ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba. In na yi tuntuɓe a yi mini haƙuri.

A 1992, Jigawa tana da shekara ɗaya, aka yi zaɓen 'yan majalisa, irin wanda ake bin layi a bayan hoton ɗan takara. Babana ya ce layin Malam sai da ya zagaye rijiyar kasuwa. Ya tafi Abuja da jaka ɗaya. Ba su cika shekara ba soja suka rushe majalisar, kuma a ɗan zaman nan sau ɗaya aka ba shi dama ya yi magana sosai. Mutanenmu suka taru a gindin rediyo suna jiran ya ce taki, ko ya ce kwalta. Sai aka ji mai fassara yana cewa wakilinmu ya roƙi gwamnati ta kare burtali, wato hanyar da shanu ke bi tsakanin gonaki, da mashayar dabbobi.

Kawuna Yahuza ne ya fara cewa, "To, mu muka sha rana a layi, ashe shanu muka zaɓa wa wakili!"

Aka yi dariya, sunan ya zauna: Wakilin Shanu. Da ya dawo ya koma aji, mu yara in ya wuce a keke sai mu bi shi da "Muuu!" Ina cikinsu. Shekarata takwas, kuma shi ne mai ara mini littattafai. Bai taɓa waigowa ba. Washegari zai miƙo mini wani littafin ya ce, "Ki kula da bangon."

Malam, kai ne ka ga abin da ke zuwa tun muna ganinsa wasa. Burtalin garinmu a da taki sittin ne faɗinsa. Ba wanda ya ƙwace shi rana ɗaya. Duk damina mai gona a gefensa zai ƙara kunya ɗaya tak, ya ce ai kunya ɗaya ba komai ba ce. Na gefe ya gani, shi ma ya ƙara. Kai kuma ka tsaya a ƙofar masallacin Juma'a ka ce, "Jama'a, duk shekara kuna ƙara kunya a burtali, kuna rage ta a idonku. Saniyar nan ba fiffike gare ta ba. In kun toshe mata hanya, ta cikin geronku za ta bi."

Wani ya ce, "Malam, nawa Fulani suka ba ka? Ko nono ne?"

Ka ce, "Da sun ba ni nono da na yi ƙiba, Idirisu. Dube ni."

Da siyasa ta dawo a 1999, ko zaɓen fid da gwani bai tsallake ba. Shekarar da ta biyo baya, da aka yi ta cika motoci zuwa Dutse don ƙaddamar da shari'a, ya je kamar kowa, ya yi kabbara kamar kowa. Amma a motar dawowa ya ce wa mutane, "Alhamdu lillahi. Sai dai shari'ar nan daga iyakar gona take farawa. Wa zai fara mayar da abin da ba nasa ba?" Direban ya ce har suka iso gari ba wanda ya ƙara tari.

A kakar wannan shekarar ta 2000 abin ya faru. Modibbo Jaji, dattijon rugar da ke gabashin gari, ya taso da shanunsa za su yi kudu. Suka iske burtalin ko jaki mai mangala ba ya wucewa. Shanu suka faɗa gonar waken Kawu Yahuza, aka yi cacar baki, aka ɗaga sanduna, aka karya wa Kawu hannu. Kafin la'asar samarin gari sun nufi ruga da wuta. Malam Arzika ne kaɗai ya tare hanya da kekensa.

"Kauce, Wakilin Shanu!"

"Ba zan kauce ba. Ni na koya muku baƙi, duk na san sunan iyayenku."

Wasu suka ji nauyi suka juya. Wasu suka zagaye shi. An ƙone bukka huɗu. Mahaifiyata ta ga Dada, tsohuwar da ta shekara ashirin tana kawo mana nono, zaune a kan toka tana tsintar fasassun ƙorai. Dada ba ta ƙara shigowa gidanmu ba. Kawu Yahuza kuwa har yau hannun ba ya ɗaga fartanya. A gaban alƙali Malam ya ba da shaida a kan wanda ya yi dukan, ya kuma ba da shaida a kan waɗanda suka sa wutar. Kowane ɓangare ya yi wata uku ba ya gaishe shi.

Makon jiya na je gidansa, ana ɗaure kaya. Na durƙusa na ce, "Malam, na zo neman gafara. Ina cikin masu yi maka kukan shanu."

Ya yi dariya har da tari. "Na sani mana. Ke ce ma ba ki iya ba, naki kamar na akuya."

Na ce, "Baba ma ya ce a ba ka haƙuri."

Ya ce, "Ni ban riƙe kowa ba, 'yata. Sunan ma bai dame ni ba, shanun ba su taɓa cewa ba sa so na ba. Amma ki ce wa babanki ba ni ya ci wa haƙƙi ba. Kunya uku ya shiga. Ya san wurin."

Na isar wa Baba da saƙon.

Malam, mun gode. Mun aike ka, ka faɗi gaskiyarmu, muka maida ka abin dariya. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka lafiyar ido. Ku kuma masu gona a bakin burtali, daga nan har Jahun, kowa ya san inda iyakar kakansa ta tsaya. Kada ku jira sai na gefe ya fara.

Ranar Talata aka yi ruwan shuka. Baba ya fita da sungumi, ina biye da shi da ƙwaryar iri. Da muka kai bakin burtali ya daɗe a tsaye, sannan ya ja da baya ya fara sara. Kunya biyu ya bari, Malam, ba uku ba. Na so ka gani ko da hakan, amma motarka ta riga ta tashi tun Litinin.