Ruwa Ya Yi Gyara

Ina gaban allo, alli a hannuna, aka ce ana sallama da ni a waje. Ranar kasuwar Maƙarfi ce, cikin marka, shekara biyu ko uku bayan samun mulkin kai. Kwana huɗu ke nan rana ba ta leƙo ba. Na fita na tarar da maƙwabcinmu na Likoro, dattijo mai fataucin barkono, ya yafa buhu a ka. Na durƙusa muka gaisa. Ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa. Na ce ruwa ya yi gyara, yadda kowa ke amsawa.

"To, ya yi gyara a gidanku ma," in ji shi. "Jiya da la'asar. An ce ka zo."

"Katanga ce, Baba?"

"Soro ne."

"Kowa lafiya dai?"

Ya dubi ƙasa. "Da sauƙi."

Mu ba ma cewa ruwa ya yi ɓarna. Rahama ce, ba a ɗora mata laifi. Ko gida ya rushe, ko gona ya share, gyara ya yi. Wannan na sani tun ina ƙarami, don haka na gane wani abu ya faɗi. Abin da ban ji ba shi ne sauran maganar. Dattijo irinsa ba zai tsaya a ƙofar aji ya ce yayanka na kwance rai a hannun Allah ba. Ya faɗa mini iyakar yadda ake faɗa, ni kuwa na ɗauki "da sauƙi" yadda take a rubuce. Na ce masa in an tashi makaranta gobe zan hau keke in zo. Ya ɗan tsaya, kamar zai ƙara wani abu, sai ya ce Allah ya kai mu.

A wannan sa'ar yayana yana da sauran numfashi. Ni kuwa na koma aji na ci gaba da darasi.

Darasin kuwa a kan sunan ruwan sama ne da Turanci, kuma daga wurin Yaya na samo shi. Shi bai yi boko ba. Ya sauke Alƙur'ani, ya kama noman dawa da masara a gonar da mahaifinmu ya bari, shi ya riƙe gida har na gama makarantar horon malamai. A farkon daminar nan na je hutu, muna zaune a zaure hadari na haɗuwa a gabas, ya ce, "Kai malamin boko, me Turawanka ke ce wa wannan?"

Na rubuta masa a ƙasa da tsinke, harafi huɗu. Ya iya haɗa baƙaƙen boko kaɗan-kaɗan, ya sunkuya ya karanta da bakin Hausa.

"Raini? Ruwan Allah suke ce wa raini?"

"Ba haka ake faɗa ba, Yaya. Ren ake cewa."

"Ni dai raini na gani a rubuce."

Na ɗauko ƙaramin ƙamus ɗina don in kare su. Na nuna masa akwai wasu kalmomi biyu da ake furtawa daidai da ita, ɗaya mulki, ɗaya linzami. Ya yi dariya har ya riƙe ciki. "Ruwa da mulki da linzami duk abu ɗaya? Shi ya sa suka daɗe a kanmu."

Daga nan ya shiga ƙure ni. Yayyafi fa? Na samo masa dirizil. Ruwan da ke saukowa ya ɗauke nan take? Na ce shawa. Wanda ake sheƙawa kamar da bakin ƙwarya? Shi ma akwai. Sai ya ce tsattsafi, ya ce feshi mai shigowa ɗaki ta ƙofa, ya ce ruwan shuka, wanda in ka tona ƙasa da yatsa za ka ji danshi ya kai. Na yi ta juya shafi.

"Nasu duk awon yawa ne," in ji shi. "Kaɗan, da yawa, da yawa ƙwarai. Ba su noma ne?"

Na ce suna yi. Ya ce to in je in tambayo.

Washegarin zuwan dattijon ban samu tashi ba sai bayan azahar. Hanya ta zama taɓo, rabin tafiyar turin keke na yi. Da na shigo gari na hango mutane zaune a kan tabarmi a ƙofar gidanmu, ba mai magana da ƙarfi. Nan na sauka daga keken, ban san lokacin da na sake shi ba.

An kai Yaya makwancinsa tun da hantsi. Indararon ɗakin Inna ne ya toshe, ruwa ya taru a kan soro yana ɗiga mata a gado. Yaya ya hau ya buɗe. Ƙasar ta riga ta sha ruwan kwanaki, azara ta karye, ɗakin ya rufta da shi. Ya kwana biyu, da asubar ranar da na zo ya cika.

Na shiga wurin Inna a ɗakin matarsa. Ta dube ni, ta dubi taɓon da ke wandona.

"Sannu da hanya. Ruwa ya taɓa ka?"

"Kaɗan, Inna."

"Ya tambaye ka," in ji ta. "Na ce kana hanya."

Ba ta ƙara ba, ba ta taɓa ƙarawa ba har ta bar duniya.

Ƙa'idar aikinmu ita ce malamin da bai zo aiki ba ya rubuta takarda da Turanci, hedimasta ya aika da ita ofishin ilimi. Ranar sadakar uku, da mutane suka ragu, na zauna a zaure na ɗora takarda a gwiwa. Na rubuta gaisuwar da aka koya mana. Na rubuta kalmar nan mai harafi huɗu, sai na tsaya. In na juya gyara zuwa Turanci, akawu zai karanta cewa ruwa ya yi mana kwaskwarimar gida, ya yi dariya. Kalmar ɓarna kuwa na san ta sarai, har biyu ko uku, hannuna ne ya ƙi. Bayan wannan kuma sai in faɗi ranar da labari ya iso mini, da ranar da na taso. Na gaji ƙwarai. Na ninke takardar na sa a cikin ƙamus.

Da na koma Maƙarfi hedimasta ya yi mini ta'aziyya, ya ce in kawo takardar duk ran da na samu sukuni. Bai sake tambaya ba. Na yi shekara talatin da wani abu ina koyarwa, a Maƙarfi da Ikara da Kudan, na rubuta wa ofis takardu ba iyaka. Waccan dai ta tsaya a layi na biyu, ban ƙarasa ta ba.