Ɗakin da Ban Zana Ba

Shekara goma sha tara ina haya a Birnin Kebbi kafin in samu ɗan fili a bayan unguwar Nasarawa. Ni ba mai ƙarfi ba ne, facin taya nake yi. Ɗaki biyu na yi niyya da zaure, in rufe ƙofata in huta. Abin da ya fitar da ni daga gidanmu na Gulma ke nan tun farko: mutum talatin ƙofa ɗaya, ko tari ka yi sai an tambaye ka dalili.

Ban kira kowa ba. Yayana ya ji labari, da anka gama yankan shinkafa sai ga shi da mutum takwas a bayan mota, da shebur da diga. A wurinmu haka ake yi, ba a barin ɗan'uwa ya haƙa harsashi da ’yan kwadago. Na yi godiya. Amma na san yayana. Ko biki ba ya zuwa sai ya ga abin da zai kawo gida.

Ni da magini mun riga mun ja igiya mun kafa turaku. Na tafi kasuwa sayen ƙusa, na dawo na iske turakun gabas sun matsa, har an fara haƙa wani ɗaki na uku.

Na ce, "Yaya, wanga fa?"

Ya ce, "Ɗakin baƙi. Ka taɓa ganin gida babu ɗakin baƙi?"

"Wane baƙo?"

"Kai dai kawo ruwa mutane su sha. Gidanmu na birni, a ce babu inda mutum zai miƙe ƙafa in ya zo asibiti?"

Gidanmu. Daga ranar kowa ya ɗauki kalmar. Kawunmu ya turo tifar yashi, ya ce na gidanmu ne. Ƙanwata da ke aure a Augie ta aiko da kwano bandir biyu, ta ce a gaida gidanmu. Duk abin da anka sauke, sai in tsaya ina kallonsa ina tunanin mutum nawa ne zai biyo bayansa da jaka.

Matata ta ce zargina ya yi yawa. Na ce to ta je ta duba inda anka bar wa ɗakin ƙofa. Waje take kallo, bakin titi. Ke nan mai ɗakin zai shiga ya fita ba tare da ya yi mini sallama ba. Baƙon kwana biyu ba ya bukatar irin wannan ƙofa. Kuma na ji ana cewa yayana ya gaji da ambaliya tana cinye masa gona, yana son ya fara sayar da shinkafa a birni.

Ranar da sunka koma Gulma, kafin a zuba linta, na sa magini ya toshe ƙofar da bulo, ya fasa wata ta cikin gida. Ya ce, "Mai gida, za a yi magana fa." Na ce a yi.

Ran Juma'a yayana ya zo. Ya zagaya ta waje, ya shafa sabon bulon da hannu, siminti bai gama bushewa ba. Ya shigo ta zaure ya yi sallama da ƙarfi, har sau uku, yana kallona.

"An ba ni izini?"

"Shigo mana, Yaya."

Ya yi sallar la'asar a cikin ɗakin, ba rufi ba daɓe, ya kafa ƙusa a bango ya rataye tabarmarsa da buta, ya tafi.

Mun tare bara. Bai zo ya kwana ba ko sau ɗaya, bai kuma aiko a ɗauko masa tabarmar ba. Matata tana son ta sa buhunan gero a ɗakin. Na ce ta dakata tukuna.