Na Sa Wa Yayata Injin Numfashin Da Aka Auna Wa Wani

Assalamu alaikum. A lokacin da abin nan ya faru, ni mai gyaran kayan lantarki ne a Magariya, ina da ɗan shago kusa da tasha. Radiyo, talho wato wayar hannu, fanka, firij, babu wanda ba na buɗe wa ciki. Da fanno ya yawaita, wato faifan nan mai tara hasken rana, sai na zama wanda ake kira ƙauye-ƙauye in kafa shi, in haɗa masa batir. Ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, amma ina karanta Faransanci daidai gwargwado, kuma mutane sun saba cewa hannuna yana da albarka. Yawan jin haka ya sa na ɗauka duk abin da ke da waya da maɓalli ba zai gagare ni ba. Ban taɓa ba kowa labarin nan a cike ba, ko matata rabinsa ta sani.

Babarmu ta rasu ina ɗan shekara shida. Yayata ce ta ɗauke ni ta tafi da ni ɗakinta a Guci, tana amarya. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma da wannan kaskon ta ciyar da ni, da shi ta kai ni koyon gyara. Mijinta manomi ne mai yawan shiru, ana ce masa Malam don shi ke jan salla a masallacin unguwarsu. Da Yaya ta haura hamsin sai tansiyo, wato hawan jini, ya kama ta, majo, ma'aikacin jinya na ƙaramin asibitin Guci, yana ba ta ƙwayoyi. Bayan nan kuma gyangyaɗi ya zo. Tana cikin magana sai ka ga kanta ya langaɓe. Da safe ta tashi da ciwon kai, kamar wadda ta kwana tana daka. Wata rana tana tuyar ƙuli barci ya sace ta, hannunta ya faɗa bakin kasko, mai ya ƙone ta tun daga wuyan hannu har gwiwa.

Ni na kai ta babban asibiti a Damagaram, tare da Malam. Da aka kira mu sai na ce masa ya zauna waje ya tsare kaya, tunda ni ke jin Faransanci. Likita ya saurari ƙirjinta ya daɗe, ya matsa ƙafarta da yatsa, ya ce zuciyarta ta fara gajiya, kuma yana zaton numfashinta na ɗaukewa in tana barci. Ya bayyana mini cewa ciwon nan ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda maƙogwaro ke toshewa, mutum na ƙoƙarin jan iska tana ƙi wucewa. Akwai kuma wanda hanya a buɗe take, amma ƙwaƙwalwa ce ba ta ba jiki umarnin ya ja numfashi, kuma wannan yakan bi masu ciwon zuciya. Ya ce akwai injunan da ke taimakawa, amma kowane iri da nasa, kuma ba a sanin wanda ya dace sai an yi awon barci, mutum ya kwana da wayoyi a jikinsa, a Yamai ko a Kano. Ya rubuta ordinansi, wato takardar sayen magani, ya ce mu dawo bayan wata ɗaya. Duk cikin bayanin nan kalma guda na riƙe: inji. Da muka fito Malam ya tambaye ni abin da aka ce, na ce masa inji kawai take buƙata.

Dalilin da ya sa kalmar ta zauna mini shi ne na taɓa ganin injin. Akwai wani Alhaji ɗan kasuwa a Magariya, mutum mai jiki, wanda munsharinsa har maƙwabta sun san shi. Ni na haɗa masa batir a ɗakin kwanansa don kada injinsa ya tsaya in an ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Ɗan akwati ne da ke hura iska ta wani tiyo zuwa cikin abin rufe hanci. Na ga yadda Alhaji ya canza bayan ya fara sa shi, mutumin da ke barci a kan kujerar shago ya koma garau. A daidai lokacin ɗansa ya kawo masa sabo, tsohon yana ajiye. Ƴan'uwa sun riga sun haɗa abin da za a yi tafiya Kano da shi don awon. Sai na lissafa a raina cewa in mun je, ƙarshenta inji za a ce mu saya, to me ya sa ba za mu yanke hanya ba? Na ɗauki kuɗin na je Alhaji ya sayar mini da tsohon injinsa. Ba zan ɗora masa laifi ba. Kafin ya sallama mini, sai da ya ce shi fa kwana ya yi a asibiti aka auna shi, sannan aka saita injin daidai da shi, in tambayi likita tukuna. Na yi murmushi na ce masa inji ai inji ne, in na iya firij wannan ba zai ba ni wuya ba.

Ranar da na kai shi Guci kamar ana biki. Na hau rufi na kafa fanno, na ja waya har bakin gadon Yaya, mata suka cika tsakar gida suna kallo, ana cewa auta ya rama wa yayarsa goyo. Abin rufe hancin ya yi mata girma, don fuskar Alhaji ba irin tata ba ce, sai na naɗa masa tsumma na ɗaure. Na wanke tiyon da omo, ban san ana sauya shi ba. Yaya ta kalle ni ta cikin robar nan, idanunta cike da ƙwalla, na ɗauka duk murna ce.

Bayan mako biyu Malam ya zo shagona ran kasuwa. Ya zauna, ya ce shi dai a ganinsa abin bai sake ba. Ya ce shekara biyu ke nan yana sauraren barcinta. Ba ta munshari sosai. Numfashinta yakan hau, ya hau, ya yi ƙarfi, sai ya dinga sauka har ya ɗauke, ƙirjin ya tsaya cik, ba ko alamar ƙoƙari. In ya ga ya daɗe sai ya taɓa kafaɗarta. Ya ce yanzu hucin injin ya hana shi ji, amma in ya ɗora hannu a bayanta yana jin tsayawar tana nan. Ya ƙara da cewa tana tashi da kumburin ciki da busasshen maƙogwaro. Abin da na yi masa shi ya fi ci mini rai har yau. A gaban mutane na ce masa wannan aikin ilimi ne, ya bar taɓa ta yana hana injin aiki. Ya ce to, ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Sai dai maganarsa ta ɗan tsaya mini, don haka na hau babur na je. Maimakon in mayar da ita wurin likita, sai na laluba maɓallan injin har na shiga wurin saiti, na ƙara ƙarfin iskar. A tunanina in batir bai ja ba ana ƙara masa wuta, to haka ma numfashi. Ranar komawa Damagaram ta zo ta wuce. Magungunan ordinansi suka ƙare, ban sake sayen su ba, na ce wa Yaya ai yanzu an sami maganin asali. Duk sanda na kira ta a talho sai ta ce alhamdulillahi, auta, da sauƙi. Wata huɗu muka yi a haka. Ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya daina shiga, ta koma barci a jingine. Wata rana da la'asar ta tashi za ta yi alwala, ta faɗi kusa da randa.

Wannan karon da muka isa Damagaram ban iya hana Malam shiga ba, don shi ke tallabe da ita. Likitan ya gane mu. Ya tambayi abin da ya hana mu dawowa, ni kuwa na fito da injin daga jaka, har a lokacin ina sa ran a yaba mini. Ya jujjuya shi, ya kunna, ya duba saitin, ya tambaya wa ya sa wannan lamba. Na ce ni ne. Bai yi mini faɗa ba. Ya juya wurin Malam ya yi masa Hausa, ya ce, “Baba, kai ke kwana kusa da ita? Faɗa mini yadda take yi.” Malam ya maimaita abin da ya gaya mini a shago, bai ƙara ba, bai rage ba. Likita ya ajiye alƙalami ya ce da ya ji wannan bayanin tun zuwan farko, da ya san inda zai fi karkata. Ya ce alamu sun nuna nata irin na biyu ne, mai tafiya da ciwon zuciya, injin nan kuwa an yi shi ne don buɗe maƙogwaron da ke toshewa, ba ya tuna wa jiki ya yi numfashi. Mai irin ciwonta zuciyar ake fara bi da magani, kuma ko inji za a sa, sai an auna an zaɓa da hankali, don wani ma yana iya cutar da mai raunin zuciya. Na tambaye shi ko injin ne ya kai ta ga haka. Ya ce ba zai iya rantsuwa ba, amma watannin da ta yi babu magani, waɗannan kam sun tafi.

Kwananmu goma sha biyu a asibiti. Wata safiya Malam ya fita neman koko, muka rage ni da ita. Na durƙusa bakin gado na ce ta yafe mini. Ta ɗora hannunta mai tabon ƙuna a kaina ta ce, “Auta, tun satin farko na san ba ya yi mini. Amma na ga yadda ka hau rufin nan cikin rana, sai na ji nauyin in ce maka ka cire.” Ashe duk daren da ta ɗaura robar nan, don ni ta ɗaura.

Ta koma gida, ta ɗan ji dama da magani, amma ba ta sake zama gaban kasko ba. Da kaka, ana cikin cirar gyaɗa, Allah ya karɓi abarsa. Na san kwana ne ya ƙare, kuma ban ce da mun je Kano da tana nan ba. Amma na san abin da ke hannuna, kuma na san yadda na yi da shi. Malam bai taɓa tayar mini da maganar ba. In na je Guci shi ke fara miƙo mini hannu, ni kuwa har yau ban iya haɗa ido da shi sosai.

Kwanakin baya wani mutum daga Waca ya zo shagona, ya ce ya ji ina da injin barci, yana so ya saya wa babarsa. Na ba shi kujera, na ba shi labarin nan a taƙaice, na ce ba na sayarwa, ya kai ta a auna ta. Ya tafi ransa bai so ba, ban sani ba ko ya ji.

Abin da nake roƙon masu karatu shi ne, kada ku sayi injin numfashi don kun ga ya yi wa wani amfani. Ɗaukewar numfashi a barci iri-iri ce, injunan ma haka, kuma kowanne da saitin mai shi. In hali ya sa dole sai na hannu za ku saya, ku bari a yi awo tukuna, likita ya faɗi irin da ya dace, shi zai saita, a kuma sa sabon tiyo da abin rufe hanci daidai fuskar mai ciwon. Kada samun inji ya sa ku bar magani ko ku ƙi komawa asibiti. In za ku shiga wurin likita, ku shiga da wanda ke kwana kusa da marar lafiya, ko bai taɓa zuwa lakwal ba. Wanda kuke jinya kuma, in ya ce muku da sauƙi, ku zauna ku sake tambayarsa, don wani yana haƙuri ne kawai saboda kada ranku ya ɓaci. Wanda ya karanta wannan, ina roƙo ya sa yayata cikin addu'a.