Mai Turaren Da Hancinsa Ya Ɗauke

A layin shaguna, tsakanin tela da mai gyaran agogo, akwai wani ɗan shago da ake jin ƙamshinsa tun kafin a ga ƙofarsa. Mai shi ya tsufa a haɗa turare. Kwalabe ne jere har rufi, yawancinsu ko suna babu a jiki. Shi dai ya buɗe murfi ya kai hanci, ya san wacce ce.

Motar wani kamfanin dakon kaya ce ta kwashe shi yana tsallaka titi. Kansa ya bugu da kwalta, ya yi kwanaki bai san wanda ke kansa ba. Da ya farfaɗo, magana ta dawo da kaɗan-kaɗan, tafiya ma haka, ko da yake har yanzu hayaniya tana sara masa kai. Ranar da ya koma shago ya buɗe kwalbar farko ya shaƙa, sai ya ji kamar ruwan famfo ne a ciki. Ya buɗe ta biyu, ita ma haka.

Matarsa kaɗai ya gaya wa. Ta ɗauko kujera ta zauna a bayansa, wai tana taya shi saboda jiri. Shi zai auna, ya ɗiga, ya girgiza, ya miƙa mata kamar da wasa. Ita kuma ta shinshina ta raɗa masa, "Ya cika zaƙi, Baban yara. Ƙara na kwalbar can."

Kamfanin kuwa ya ƙi ɗaukar nauyin jinyarsa, wai ai ya warke tunda ya koma aiki. Sai suka je wurin wata lauya, mace mai sanyin magana.

"Me hatsarin ya raba ka da shi?" in ji ta.

"Babu komai, ranki ya daɗe. Jiki da sauƙi."

"To me ya kawo ka?"

Matarsa ta ce, "Ki yi haƙuri da shi. Ko rigarsa ce ke ci da wuta, da sauƙi zai ce miki."

Sai a nan ya faɗi gaskiya. Lauyar ta ajiye biro.

"Ai wannan ce shari'ar gaba ɗaya. Likita zai gwada ka, amma sai ka faɗa da bakinka a gaban alƙali."

"Cikin mutane?"

"Kotu ba ta da labule, malam."

Ya koma gida yana saƙawa yana kwancewa. Yana bukatar kuɗin jinyar, amma wa zai sayi turare a hannun wanda ba ya jin ƙamshi? Lauyar ta yi ta kira, shi kuma yana ta cewa gobe. Matarsa ce ta raba gardamar tana cikin wanke kwalabe.

"Ni fa wuyana ya ƙage da raɗa. Turaren nan mai kyau ne, ba na jabu ba ne. Me muke ɓoyewa kamar ɓarayi?"

Ya je kotu ya faɗa. Alƙali ya ɗora wa kamfanin jinyar, labari kuma ya riga shi isowa layi. Tela ne ya fara leƙowa.

"Ashe shi ya sa ka daina yi mini gorin warin takalmi. Ni da na ɗauka shiryuwa ka yi."

Ya yi dariya har sai da kansa ya sara.

Wasu masu saye sun janye, ba su dawo ba. Da yawa sun zauna. Likita ya ce hancin yana iya dawowa, yana iya ƙi, shi kuma ba ya fasa zuwa ganinsa. Yanzu wani mai sayen yakan wuce shi kai tsaye ya ce wa matar, "Uwar ɗakina, wanne zai dace da ni?" Abin yakan ɗan sosa masa rai, ba ya musun haka. Sai ya sunkuya ya ci gaba da awo, don hannunsa har gobe ya fi nata daidaito, ita ma ta sani, ba ta dai faɗa ne.