Kunun Accan da Ban Ɗanɗana Ba

Shekarar da aka kulle gari saboda korona, aka rufe masallaci aka rufe coci, aka ce kowa ya ɗaure hancinsa da ƙyalle, a cikinta abin nan ya same ni. Na ga abubuwa da yawa a Jos. Wasu na manta su da gangan, wasu tsufa ya share mini, amma wannan yana nan daram, ba na jin zai bar ni sai ranar da ƙasa ta rufe mini ido. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma ba da kowa nake fushi ba sai da kaina.

A unguwar Kwararafa muke zaune, ni da 'yata da jaririyarta mai wata shida. Mijinta direban babbar mota ne, kullen ya rutsa da shi a kudu, ba shi ba dawowa. Ita kuwa tana aiki a ɗakin kati na wani asibiti, tana cikin waɗanda aka ba takardar wucewa, kuma albashinta shi ne tukunyar gidan. Da sassafe take fita ta bar mini ɗan nonon da ta tatsa a kofi, kafin azahar ya ƙare. A wurin aikinta aka ce mata lokacin fara ba yarinya abinci ya yi, kuma koko zalla ba ya riƙe yaro. Abincin jarirai na gwangwani kuwa, kantuna a rufe, in ma an samu tsadarsa ta fi ƙarfinmu. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, 'ya'ya bakwai na yaye da hannun nan, ta bar mini wannan fannin gaba ɗaya.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da wata mata Kirista, 'yar asalin duwatsun nan, mai sayar da acca da dankali a kasuwar Farin Gada. Kowa Ngo yake ce mata, wato uwa a harshensu, ita kuma Malama take ce mini saboda matan da nake ƙara wa karatu. Mun fi shekara ashirin tare, kuma ko a ranakun da gari ya ɗauki zafi ba mu taɓa rufe wa juna ƙofa ba. Ita ce ta kawo mini acca mudu guda, ta zauna a kan turmi tana faɗa ina rubutawa da ajami a bayan tsohuwar kalanda. Acca gwangwani huɗu, a rairaye ta a ƙwarya har sai yashi ya ƙare. Waken suya gwangwani ɗaya, a jiƙa, a murje ɓawon, a shanya, a soya sama-sama. Gyaɗa rabin gwangwani, da ɗan dabino saboda zaƙi. Duk na rubuta, har da wasali.

Ngo “ka” take ce wa kowa, mace da namiji. Ta ce, “Saura ɗaya, Malama. Kar ka kai shi injin bakin titi. Ka kawo ni in niƙa maka a dutse. In kuma dole ne sai inji, ka tsaya a kai da idonka, a fara zuba dawa ya wanke shi.”

Na rufe alƙalamina. Na ce, “Haba Ngo, niƙa kuma? Tun ba ki fara tallan acca ba nake kai niƙa.” Ta yi dariya ta tafi. Wannan layi guda da ban rubuta ba, shi ne ya fi duk wanda na rubuta.

Kwana uku ina fama da rairaya da shanya, ga damina ta fara, ina shimfiɗawa hadari ya taso in kwashe. Ranar da kayan suka bushe ta dace da ranar da aka sassauta kulle don mutane su yi cefane, azumi kuma ya kama. Na ɗaura takunkumi na ɗauki bokitina na nufi inji. Layi har bakin kwalta, kowace mace da kayan azuminta. Ina tsaye ina jan carbi sai na ji atishawa ta ɓarke a gaba. Wannan ta yi, waccan ta yi, har mai injin kansa. A wancan lokacin kuwa atishawa ba abin wasa ba ce. Na ce innalillahi, ga cutar nan ta iso. Na tura bokitina cikin layi, na ja da baya can gindin wata bishiya, na ƙara matse ƙyallen hancina ina karanta duk addu'ar tsari da na sani. Daga nesa na ɗaga wa mai injin hannu, ya niƙa, na zo na fizgi kayana na yi gida ina gode wa Allah da ya tsare ni. Ban tambayi kaina abin da ke sa mutum goma atishawa a lokaci guda a bakin inji ba.

Garin ya fito ja-ja, na ce ai suyar wake ce. Washegari na dama shi sumul, na zuba a wani shuɗin kofi, na yi bisimilla na kai cokali bakin jikata. Ta karɓa, sai ta buɗe baki ta tsala ihun da har kajin gidan suka watse. Na ce baƙunta ce. Na sake gwadawa da la'asar, ta fesa mini shi a fuska.

Mai karatu zai ce, to ke ba ki ɗanɗana ba? Ban ɗanɗana ba. Ina azumi. Na san malamai sun yi magana a kan mai girki da ta taɓa a harshe ta tofar, amma ni tun ina yarinya ban taɓa kusantar da komai bakina da rana ba, kuma ina alfahari da hakan. Da dare kuwa ba na dama shi, kuma ina ganin abin kunya ne tsohuwa ta ci abincin jariri da aka wahala kafin a samu. Ita ma uwar ba ta taɓa ba, don in ta dawo nono take ba ta, in ta tambaya in ce, “Tana sha kaɗan-kaɗan.” Allah Ya yafe mini wannan kaɗan-kaɗan ɗin, a cikin watan azumi.

Kwana tara muka yi muna kokawa ni da 'yar mitsitsiyar nan. Na yi mata waƙa, na yi mata rawa da gwiwoyin da ko ruku'u da ƙyar suke yi. Na ce haƙori ne, na ce bakin mutane ne, na wanke allo na yi mata rubutu. Rubutun kam ta shanye tas, abin da ya ƙara tabbatar mini taurin kai ne kawai irin na dangin ubanta. Ta kai da zarar ta hango shuɗin kofin sai ta datse baki ta sandare. Zaren da ke wuyan hannunta ya fara yawo saboda rama. Uwar ta lura, ta ce, “Inna, in haka za a ci gaba ajiye aikin nan zan yi.” Na san in ta ajiye, ba yarinya kaɗai ce za ta rasa abinci a gidan ba.

Rana ta tara haƙurina ya ƙare, na ce ɗura zan yi mata yadda aka yi mana. Na kwantar da ita a cinya, na tara kunun a tafin hannu. Yanzu na san ɗura na iya shaƙe yaro har lahira, amma a ranar ban ga komai ba sai fushina. Kukan ne ya shigo da Ngo ko sallama babu.

“Malama! Ka bari! Za ka kashe shi ne? Kawo kunun in gani.”

Ta miƙo hannu, na janye kofin. Da na bar ta ta tsoma yatsa, da zancen ya ƙare a nan. Amma yunwa da gajiya da girman kai suka haɗu a harshena, na ce, “Ki bar shi. Laifina ne da na ɗauko abin da ba namu ba. Mu dama 'ya'yanmu ba su saba da irin cimarku ba.”

Duk wanda ya zauna a garin nan ya san nauyin “mu” da “ku” in suka fito daga bakin maƙwabci. Ngo ta tsaya ta dube ni. Ta ce, “To, Malama. Allah Ya ba shi lafiya.” Ta juya ta fita, ta ja mini ƙofar a hankali.

Da yammar ranar ina zaune da yarinya a cinya, ta yi kuka har ta gaji ta yi barci, uwar ba ta dawo ba, sai aka kira magariba. Ruwa na can a randa, dabino na ɗaki, in na motsa za ta farka. Sunna ce a gaggauta buɗa-baki. Abin da ke kusa da hannuna shuɗin kofin nan ne. Na yi bisimilla na kai cokali guda.

Wuta! Barkono ne tsagwaronsa, irin wanda ko ƙato mai cin tsire sai ya nemi ruwa. Hawaye ya zubo mini, na barkono da wanda ba na barkono ba. Nan take layin inji ya dawo mini. Atishawar da na guje wa ba korona ba ce, yajin azumi wata ta niƙa kafin bokitina, garin jikata ne ya wanke mata injin. Kwana tara ina cusa wa jaririya barkono ina zaginta da taurin kai.

Na gaya wa 'yata gaskiya. Sai ta yafa mayafi ta shiga gidan Ngo. Washegari da hantsi sai ga Ngo da gari a kwalba, wanda ta niƙa a dutse da hannunta, da dafaffen dankali guda biyu. Ta ce, “Sannu Malama,” na ce, “Sannu Ngo.” Ta ce a ɓoye shuɗin kofin da cokalin. Ta murƙushe ɗaya da ɗan nonon uwar ta ajiye, ta zauna a tabarma gaban yarinya ta fara cin ɗayan ita kaɗai, tana lumshe ido tana tanɗe yatsa kamar ba ta taɓa cin abu mai daɗi haka ba. Ba ta ko kalli yarinyar ba. Rana ta farko kallo kawai jikata ta yi. Rana ta uku ta miƙa hannu ta damƙi dankalin ta kai baki da kanta. Kafin sallah tana shan kunun acca tana kukan ƙari.

Abin da yarinyar ke bukata ke nan, ta ga babba ya ci bai mutu ba, ni kuwa mai azumi ba zan iya yi mata shi ba. Kullum Ngo ta zo ta ci a gabanta, ina gefe ina jan carbi ina haɗiye kunya. Uwar ba ta ajiye aiki ba.

Na yi wa Ngo godiya, na kai mata tuwon sallah da nama mai yawa. Amma maganar da na faɗa ban janye ta ba. Kullum in ce gobe. Muna gaisawa, muna aron rariya, sai dai ta daina zama a kan turmina. Ni da nake karantar da mata cewa haƙƙin maƙwabci ba ya faɗuwa da istigfari sai mai shi ya yafe, na ɗauki wannan bashin na kai shi azumi biyar.

Bara surukar Ngo ta haihu. Na ƙirga watanni a yatsa, da ya cika shida na ciro tsohuwar kalandar nan, na ƙara layin da na ƙi rubutawa. Na rairaye acca, na soya wake, na daka a turmi na tankaɗe har kafaɗata ta yi kwana biyu ba ta ɗaguwa. Na dama kaɗan na shiga gidanta, jikata na biye da ni, ta zama 'yar makaranta mai cin tuwo kamar manomi. A tsakar gida, gaban surukarta, na ɗebi cokali na sha tukuna, sannan na miƙa wa Ngo.

Na ce, “Ngo, maganar da na faɗa miki ranar nan, ƙarya na yi, kuma zalunci ne. Cimarki ce ta raya mini yarinya. Ki yafe mini.”

Ta karɓi kofin, ta tsoma yatsa ta lasa, ta daɗe tana juya shi a baki. Ta ce, “Gyaɗa ya yi yawa.” Sai ta jawo turminta da ƙafa ta tura mini. “Zauna, Malama. Ka daɗe a hanya, amma ka iso.”

Abin da na koya bai da yawa. Duk abin da za ki sa a bakin wanda ba ya iya magana, ki fara sa shi a naki. Wanda kuwa za ki fitar daga naki bakin ki jefi maƙwabci da shi, shi ma ki ɗanɗana tukuna, don na ga barkonon jikata ya wuce cikin mako biyu, nawa sai da ya shekara biyar.